Ruwa a Kan Asid

Ɗana na fari, Na-Sani ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Yaro ne mai kaifin kai, amma bai taɓa barin babba ya kai ƙarshen magana ba. Tun da ubansa ya rasu ni ke fama da shi, ga shago ga girki.

Da jarrabawar fita sakandare ta matso, na samo wani malamin kimiyya da ke neman wurin koyarwa. Na ce ga ɗakin ƙofar gida, amma zai koyar da Na-Sani da ƙanwarsa da suke aji ɗaya, kuma shara tasa ce. Ya yi ƙorafi, na nuna masa hanya, ya dawo ya yarda.

Ni ban yi boko ba, amma daga shago ina jin komai. Wata rana malam ya goga mataji a gashinsa, ya kusanta shi da yagaggun takardu, sai suka yi tsalle suka manne.

"Gugar ce ta ba matajin caji," in ji shi. "Caji mabambanta suna jan juna. Iri ɗaya kuwa ture juna suke."

"Shi ya sa Yaya da Mama ba sa shiri," in ji ƙanwar.

"Rufe mana baki, mai kan kwarya!" in ji Na-Sani. "Malam, wasan yara muka zo kallo? A wuce wurin."

Malam ya wuce wurin. Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, ya fito da kwalbar asid mai ƙarfi.

"In za a tsarma shi, asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan. Ba a zuba ruwa a kan asid, domin..."

"Domin me? Ka zuba madara a shayi ko shayi a madara, ai duk cikinka za su."

"Bari in gama, yaro."

"Yaro yana bayan uwarsa. Wanda ya san kimiyya ba ya koyarwa a ɗakin aro."

Na leƙo na ce, "Kai, marar kunya! Ɗakin aron na ubanka ne." Ya buga ƙofa ya fita.

Washegari da malam ya tafi cin abinci, Na-Sani ya tara abokansa, ya ɓalle kwabar da kwalbar take ciki. Ya tsiyaya asid a kofin gilashi, ya ɗauko buta.

"Yaya, malam ya ce zafi yake tasowa, ya fantsamo!" in ji ƙanwar, wadda ta tsaya ta ji ƙarshen darasin jiya.

"Ke da malamin naki ku zo ku koya."

Ihunsa na ji. Na tarar kofin ya fashe, hannunsa na dama ya sale, abokan sun tsere. Malam ne ya dawo ya riƙe hannun a ƙarƙashin famfo har muka sami mota zuwa asibiti.

Ranar jarrabawa Na-Sani ya gwada riƙe biro da hagu, abin ya fito kamar tonon kaza. 'Yan ajinsu suka wuce ta ƙofarmu, ƙanwarsa a cikinsu. Ya ce, "Mama, ki roƙa mini a ɗaga jarrabawar." Na miƙa masa tsintsiya na ce ya share shago da hannun da ya rage.

Yara masu jarrabawa, ku ji daga bakin tsohuwa. Rabin sani ya fi jahilci cuta, don jahili yana tsoro. In malami ya ce "domin", ku kama bakinku har ya sauke, abin da zai cece ku yana bayan wannan kalmar.