Ranar da Na'ibin Liman Ya Yanke Sallah a Yako

Akwai wani bawan Allah a Yako, Mas'ud sunansa, manomin masara ne kuma na'ibin liman a masallacin unguwarsu. Babu abin da yake so a duniya irin ya tsaya a gaban sahu ya ja sallah.

Wata magariba yana cikin Fatiha sai ƙirjinsa ya hau bugu kamar ana daka. Numfashi ya ƙi shiga, gumi ya keto masa. Ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya yanke sallah, ya ratsa sahu, ya fita waje yana haki. Kafin a gama sallah abin ya lafa, kamar ba a yi ba.

Da abin ya sake maimaituwa, sai baki ya buɗe. Kuma kun san wa ya fara? Baffansa, Alhaji Ɗantani, shugaban kwamitin masallacin.

"Mutumin da karatun Alƙur'ani ke kora daga masallaci," in ji shi a bainar jama'a, "ai kowa ya san abin da ke jikinsa. Ba zai ƙara ja mana sallah ba sai na fitar masa da aljanun nan."

Haba jama'a! Ɗan ɗan'uwanka fa!

Ya sa aka shigar da Mas'ud ɗaki, aka toshe taga da buhu, aka zuba turare da barkono a garwashi, aka ja ƙofa. Mutumin da kukansa shi ne numfashi ya ƙi shiga, shi kuka rufe da hayaƙi! Yana dukan ƙofa yana cewa, "Baffa, don Allah ku buɗe, zan mutu!" Alhaji kuwa yana waje yana gyaɗa kai: "Kun ji ko? Su ne suke magana."

Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Daga ranar Mas'ud ya daina zuwa masallaci. Ko kiran sallah ya ji sai gabansa ya faɗi, sai dai ya yi a ɗaki.

Limamin unguwar, dattijo Malam Badruddeen, shi ya biyo shi har gona. Ya ce, "Mas'udu, addu'a ina yi maka, ba zan fasa ba. Amma gobe ka shirya, asibiti za mu."

"Allah gafarta Malam, sai a ce na haukace."

"Su ce. Ni zan zauna kusa da kai, sai su haɗa da ni."

Suka hau ƙaramar bas zuwa Kano. Aka auna zuciya, aka gwada jini, lafiya ƙalau. Likitar da ta gan shi ta ce ciwon firgici ne: jiki ne ke tashi kamar an biyo mutum da wuƙa alhali babu kowa. Ta ce yana da ban tsoro, amma yana wucewa da kansa, kuma ana samun sauƙi sosai.

Ta koya masa jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali. Ta haɗa shi da mai ba da shawara da za su riƙa zama suna warware tsoron. Ta ba shi ƙwayar da sai an yi makonni ana sha kafin ta kama aiki, ta ce kada ya yanke ta da kansa, kada kuma ya sayi maganin barci a kemis. Goro da shayi mai kauri ma ta ce ya rage. Sannan ta ce gudun masallacin shi ke ciyar da ciwon, ya koma da kaɗan-kaɗan.

Haka ya yi. Ya fara daga bakin ƙofa, ya dawo sahun baya, ya matso tsakiya. Wata rana ya iya, wata rana ya fita. Bai daina ba.

Bayan an cire masara, wata magariba aka tayar da iƙama, sai Malam Badruddeen ya ja baya ya ce, "Mas'udu, bismillah."

Alhaji Ɗantani ya zabura daga sahun farko. "Ni ba zan bi wannan ba! Duk mai tsoron Allah ya biyo ni!" Ya fita ya ɗauki takalmansa, ya tsaya yana jiran jama'a.

Ko mutum ɗaya bai motsa ba.

Mas'ud ya yi kabbara. A tsakiyar sura abin ya taso masa, muryarsa ta yi rawa. Ya yi shiru, ya ja numfashi, ya sake shi a hankali. Sai ya ɗora daga ayar da ya tsaya.

Alhaji yana tsaye da takalma a hannu har aka yi ruku'u. Da ya ga raka'a za ta wuce shi, ya sulalo ya dawo. Sahu ya riga ya haɗe. A can baya, wajen takalman mutane, ya bi ɗan da ya rufe da hayaƙi.

Darasi: Ciwon firgici ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ku yi wa mai shi addu'a, ku raka shi asibiti, ku daina yanke masa hukunci da baki. Ku tura wannan gaba, don akwai mai fama da shi a ɓoye saboda tsoron bakinmu.