Mutumin da Ya Rina Azurfa da Ƙwai

An yi wani mutum a nan Doha, ɗan Zangon Kumasi, mai gyaran mota a Sanaiya, unguwar masana'antu. Ba zan faɗi sunansa ba. Matarsa Basiratu kuwa ta ce in faɗi nata, domin ita ba ta yi abin kunya ba.

Da korona ta rufe gareji, sai ya shiga cinikin tsofaffin sulallan azurfa. Masu tara su sun fi son sulen da ya yi launi da kansa. Azurfa in ta daɗe a naɗe cikin ƙyalle, takan yi ruwan zinariya, sannan ja, sannan shuɗi, a hankali. Shi bai iya jira ba. Sai ya dafa ƙwai, ya marmasa gwaiduwar a gwangwani, ya sa sule, ya rufe, ya ɗora a rufin gareji cikin rana. Kafin mako launi ya fito.

Basiratu ta ce, "Maigida, kana ce wa mutane launin ya shekara ɗari, alhali rigarka warin ƙwai take."

Ya ce, "Khalas, ya isa, malama. Launi launi ne."

Lokacin gasar kofin duniya baƙi suka saya, suka hau jirgi, ba wanda ya dawo. Sai ya saki jiki. Ya kai sulallan wa kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, dattijon da ya ciyar da su lokacin kulle, ya rantse gadon kakarsa ne. Dattijon ya saya, ya aika wa kamfanin tantance sulalla a ƙasar waje.

Ya 'yan uwa, mutanen can ba sa tambayar rantsuwa. Karkata sule suke yi ƙarƙashin fitila. Launin gaske ya shiga jikin ƙarfen, hasken azurfa na ratsowa ta cikinsa, kuma gefen haruffa yakan bar ɗan fari. Na ƙwai kuwa a sama ya kwanta kamar fenti, ya shafe ko'ina bai tsallake komai ba. Suka mayar da sulallan, suka ce launin hannu ne.

Dattijon ya ce masa, "Da yunwa ce, ai ka san ƙofata." Ya sallame shi, izinin zamansa ya faɗi, ya koma gida ba sana'a, ba mutunci.

Basiratu ta ci gaba da zama a Doha da takardun aikinta na asibiti. Aka riƙa kiranta matar mai ƙwai. Ba ta sauya unguwa ba, ba ta fasa zuwa karatu ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Yau ita ke ciyar da gidan, hankalinta kwance.

In ɗan Adam da fitila ya gane algus, me za a ɓoye wa Wanda ya halicci ido? Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mai algus ba ya cikinmu. Abin da sai haƙuri ke kawo shi, dabara ba ta kawo shi.

Allah ya ba mu haƙurin jira, ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.