Ladi Ungozoma da Kalmomi Biyu na Helenanci

An ce wai an yi wani malami a wani ƙauye kudu da Zariya, Malam Barnaba Dogara, wanda ya karanci Littafi Mai Tsarki da Helenanci, harshen Girkawa, ya kuma ƙware a mantiki, wato ilimin fitar da hukunci daga hujjoji. Mutum ne mai son bin kalma har saiwarta.

Wata shekara amai da gudawa suka ɓulla. Ana tsakiyar wani bikin aure sai Ladi ungozoma, shugabar zumuntar mata, ta ji cewa daga rijiyar da ake zargi da jawo cutar aka ɗebo ruwan baƙi. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauki taɓarya ta farfasa randunan, ta kuma balbale uwar amarya da faɗa a bainar jama'a. Dattawan majami'a suka taru don su tuɓe ta daga shugabancin.

Baba Gayus, babbansu, ya miƙe yana huci ya ce, "Malam, da makaminka zan yi magana. Duk mai nagarta mai taushin hali ne. Wannan mace ba ta da taushin hali. Ashe ba mai nagarta ba ce, ba ta kuma cancanci shugabanci ba!"

Malam Barnaba ya ce, "Ginin ya miƙe, Baba, amma bari mu duba tubalin farko." Ya buɗe littafinsa ya ɗora yatsa. "Inda aka jera kyawawan halaye, ga kirestotes, wato kirki mai taushi. Dab da ita ga agatosune, wato nagarta. Na daɗe ina mamaki: in abu ɗaya ne, me ya sa aka kira shi sau biyu? Mai hankali ba ya ƙirga akuya ɗaya da suna biyu. Yanzu gaya mini, da taushi ka yi wa Ladi magana?"

Baba Gayus ya ce, "A'a. Kishin jama'a ne ya sa ni zafi."

"To, in hujjarka ta tsaya, ta kore ka tare da ita. In kuwa zafinka nagarta ne, nata ma haka ne, gama rai take tsaro. Wanne ka zaɓa?"

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Na haƙa rami, na faɗa da ƙafata."

Malam ya juya ya ce, "Mama Ladi, shugabanci yana hannunki. Amma ki je ki ba uwar amarya haƙuri, gama kin riƙe kalma ɗaya kin saki maƙwabciyarta."

Ladi ta ce, "Zan je, Malam. Amma ko gobe aka ɗebo ruwan nan, sai na farfasa randunan." Aka kuwa wuce annobar ba wanda ya kwanta daga cikin 'yan bikin.

Shi ya sa masu hikima suka ce: kirki yana shafa ƙurji, nagarta tana matse shi, mai jinya kuwa yana bukatar hannu biyun.