Garin da Mushe Abdulmajid Ya Ƙi Kira

Mushe Abdulmajid malamin kimiyya ne a Dogon Dutsi, inda ake ce wa malamin boko Mushe, kuma kowa ya shaida ya iya koyarwa. Aibinsa guda ne, yana jin kunyar garinsu. A wani ƙauye na ƙasar Kiéché aka haife shi, amma tun da ya yi karatu a Yamai ya mai da kansa ɗan birni. Har gemu ya tara don ya rufe zanen Arawa da aka yi masa yana jariri, daga baki zuwa kunne. Gemun ya yi iya ƙoƙarinsa, zanen dai bai ɓuya ba.

Wata shekara aka gayyaci malamai daga ƙasashen Afirka su ziyarci wata cibiyar nazarin sararin samaniya a Turai. Aka zaɓe shi tare da abokiyar aikinsa, Madam Rahina, mutuniyar Damagaram. Ya je ƙauye ya yi wa mahaifiyarsa Altine sallama, ya same ta tana ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "An ce can ana ganin duniya duka daga bisa. In ka tahi, ka dubo mini garinmu. Ina son in san ko gonar babanka na ganuwa."

Ya ce, "To, Inna."

Wadda ta zagaya da su cibiyar ƴar sama-jannati ce, ta yi watanni a sama. Magana take a hankali. Ta nuna musu jakar da ake ɗaurawa a bango a yi barci a ciki. Ta ce a can ruwa ba ya zuba, dunƙulewa yake ya yi ta yawo, kuma rana takan fito ta faɗi sau da yawa kafin mutum ya gama yininsa. Abdulmajid ya bi ta a baya kamar mai mafarki. Tun yana kiwon awaki yake ɗaga kai yana tunanin wannan wuri.

Daga ƙarshe ta shigar da su wani ɗaki mai duhu. Sai ƙasa ta haskaka, ga duniya a ƙarƙashin ƙafafunsu, shuɗiya, tana juyawa da gizagizanta. Matar ta ce kowa ya kira garinsu a sauko masa da shi, sau ɗaya, don wasu baƙi na jira a waje. Madam Rahina ta ɗaga waya tana ɗauka don ƴan lakwal, wato ɗaliban makarantarsu.

Aka fara kira. Dakar. Abidjan. Bamako. Manyan sunaye suka cika wa Abdulmajid kunne, sai ya ji sunan ƙauyensu ya yi masa nauyi a baki. Da aka zo kansa ya ce, "Yamai."

Rahina ta raɗa masa, "Mushe, da zanen nan naka?" Ya yi kamar bai ji ba.

Duniya ta juya, hamada ta wuce a hankali. Kafin a kai Yamai sai ga wani dogon kwari, kore shar, kwance a tsakiyar jan rairayi. Matar ta tsayar da hoton.

Ta ce, "Wannan kwarin nakan jira shi a taga. Da damina sai in ga ya yi kore, in yi ta tunanin su waye a ciki, me suke shukawa. Akwai wanda ya san shi?"

Abdulmajid ya gane shi nan take. Dallol Mawri ne, ƙasarsu. A wani gefensa gonar babansa take, da ya ɗaga yatsa da an sauko masa da ita. Amma ya riga ya ce Yamai a gaban mutane. Ya ƙi ɗaga yatsan. Matar ta jira kaɗan, sannan kwarin ya wuce. Aka nuna masa kogi da rufin kwano birjik, babu gidansu ko ɗaya a ciki. Baƙin ciki ya kama shi tun bai bar ɗakin ba.

Da ya dawo ya kai wa mahaifiyarsa tsarabar takalma da turare. Ta yi masa barka da hanya, ta tambayi sanyi, ta tambayi abinci. Ba ta tambayi gona ba.

Ya ce, "Inna, zancen garinmu..."

Ta ce, "Bari, Abdu. Jikar Sahura maƙwabciyarmu lakwal ɗinku take, ta kunna mini waya, ta hwaɗa mini abin da anka ce. Baƙuwa ta yi cigiyar mutanen ƙasarmu, ba wanda ya amsa. Ni na ɗauka ina da ɗa a wurin."

Ta jawo kwandon gyaɗarta ta ci gaba da ɓara.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya ji kunyar inda ya fito, komai ƙanƙantarsa. Ƙasar da Abdulmajid ya raina ita ce wadda wata ta yi ta jira a taga daga sama. Mai ɓoye asalinsa don ya burge baƙi ba ya ƙaruwa da komai a idonsu, iyayen da suka haife shi kuwa yana yi musu ciwon da tsaraba ba ta warkarwa.