Tukunyar Rahamatu Da Uzurorin Ishaya

Akwai wani mutum a unguwar Sabo ta Ibadan, Ishaya sunansa, direban keke ne. A cocinsu na masu jin Hausa shi ke zagayawa da faranti ranar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake ɗauka cikin sujada.

Gida ɗaya suke haya da Rahamatu, mai sayar da shinkafa da wake. Da wannan sana'ar take ciyar da 'ya'yanta huɗu.

Ranar bikin godiya na coci, Ishaya ya je aron babbar tukunyarta.

"Maman Habiba, dafa-duka kawai za a yi."

Ta ce, "Ɗauka mana, Baban Luka. Amma ka san abin da ba ya shiga tukunyata."

"Haba, na sani!"

Ya sani ɗin, amma da aka tashi biki shi da abokansa suka yi farfesun alade a ciki. Wani ya ɗauki hoto ya ɗora a status. Ga nama, ga sunan RAHAMATU ɓaro-ɓaro da jan fenti a jikin tukunya, yadda mata ke sa wa kayansu alama.

Kafin Litinin hoton ya zagaye Sabo. Aka ce hayar tukunyar take ba masu alade, ta dawo ta dafa wa mutane a ciki. Kwana uku ko mutum ɗaya bai miƙo kwano ba.

Ta tare shi a tsakar gida.

"Baban Luka, me na yi maka?"

"Ni fa ba ni na zuba naman ba, abokina Ɗanladi ne."

"Wa na ba tukunya, kai ko Ɗanladi?"

"To ai an wanke ta, sau uku ma. Mai ɗaukar hoton nan za ki nema, abeg."

Ku ji fa! Ko "yi haƙuri" babu.

Matarsa Rifkatu ta same shi a ɗaki. Ya ce, "Aikin Shaiɗan ne. Na riga na roƙi Allah gafara, magana ta wuce."

"Shaiɗan ne ya je ƙofarta ya ce dafa-duka? Kai ka yi addu'arka a ɗaki, ita tana zubar da shinkafa a kwata, shi ne ta wuce?"

"Ke, rage murya!"

Ran Lahadi Ishaya ya sha farar riga, ya ɗauko faranti kamar ba abin da ya faru. Da ya iso kan Rifkatu sai ta naɗe hannu. Ya sake miƙawa. Ta miƙe tsaye.

"Fasto, yau ba zan ɗauka ba. An cuci maƙwabciyata a gabana. Ni na hura wutar, na ga abin da aka zuba, na yi shiru. Sai na je na gyara tukuna."

Ta fita da zanen zumuntar matan coci a jikinta. Ta ɗauko tukunyar aurenta da ba ta taɓa hawa wuta ba, ta tsaya a ƙofar gida, daidai lokacin da mutane ke dawowa daga azahar.

"Jama'a, Maman Habiba ba ta san komai ba! Ta ja mana kunne, muka yaudare ta. Laifinmu ne, ku zage mu, ku ƙyale ta."

Rahamatu ta karɓi tukunyar. Ta ce, "Ke na yafe miki."

Washegari tsoho Babandi mai goro ya zo da kwanonsa. "Oya, zubo mini, ki sa yaji da yawa." Masu saye suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya.

Ishaya kuwa, dattawan coci suka karɓe farantin, suka ce sai ya taka ƙofar Rahamatu da ƙafarsa. Taku goma ne tsakanin ɗakunansu. Wata biyu ke nan bai yi ba.

In ka tambaye shi me ya faru, cewa yake, "Matata ce ta ja mini."

Darasi: Tuba ba ta ƙarewa a ɗaki tsakaninka da Allah alhali wanda ka cuta yana kuka a waje. Daina ɗora wa Shaiɗan da aboki da mata. Buɗe baki ka ce "ni ne", ka je ka gyara. Ku tura wa duk mai uzuri a baki, ko zai ji kunya.