Zaren Waya a Gurbin Fis

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai gyaran wutar mota, a wani gari can da daɗewa. Sunansa Jibo. Ku saurara da kyau, ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne.

Wata rana Hajiya Turai, tsohuwar malamar makaranta, ta kawo masa motar marigayi mijinta, 'yar ƙaramar motar Ingila mai kujera biyu, marar rufi. Fitilun gaba sun daina kamawa. Jibo ya duba, ya ga fis, ɗan abin da ke kare wayoyi in wuta ta yi yawa, ya ƙone, ba shi kuma da irinsa. Sai ya yi abin da kowa ke yi a garejin: ya naɗa zaren waya a gurbin don gwaji. Fitila ta kama. Ya yi niyyar sayo fis, ya manta, har Hajiya ta tafi da motarta.

Bayan kwana uku, hayaƙi ya tashi a gaban motar, wayoyin fitila suka narke.

Hajiya ta dawo, ba ta zarge shi ba. Ta ce tsufa ne, kowa ya san halin wutar motocin nan, za ta sayar da ita ga 'yan gwangwan. Tana faɗa tana shafa sitiyarin da hannun mijinta ya goge.

Maƙwabcinsa bakanike ya ja shi gefe ya ce ya yi shiru, ai ita da kanta ta wanke shi. Jama'a, shiru kawai ake nema daga gare shi! Sunansa zai tsira, ita ta rasa abin da ya rage mata na mijinta.

Jibo ya zaro zaren nan da ya yi baƙi, ya ɗora mata a tafin hannu a gaban kowa.

"Hajiya, motar ba ta da laifi. Ni na sa wannan."

Ta dubi zaren. Ta ce, "Ka ƙona, sai ka gyara, ɗana."

Wasu masu motoci suka guje shi. Shi kuwa ya yi mako biyu yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, shuɗiya mai ratsin ja, shuɗiya mai ratsin fari, har fitilun suka kama. Hajiya ta tuƙa motarta gida.

To, mu fa? Mun iya naɗa waya mu ce haka kowa ke yi, in ta ƙone mu ce ƙaddara. Amana ita ce ka faɗi kuskurenka lokacin da babu mai tuhumarka. Kowannenmu ya san inda ya bar nasa zaren. Ya je ya cire shi yau.