Rijiyar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Wata shekara ruwa ya yi wuya, sai Bushiya ta soma haƙa rijiya saboda Allah a bakin gari. Kura kuwa ba ta so, don a hanyar rafi take tare masu ɗiban ruwa ta cinye. Ta zo ta cike ramin, ta ce, "In na sake ganinki nan, ke ce kalacina."

Tsoro ya kama Bushiya, ta kwana bakwai a ɗaka. Ran na takwas ta ji Barewa tana kuka, 'yarta ta tafi rafi ba ta dawo ba. Bushiya ta nemi gafarar Allah, ta yi bisimilla, ta koma haƙa.

Sai ga Kura. "Ke, ban hana ki ba?"

Bushiya ta ce, "Kin hana, ranki ya daɗe. Amma Wanda nake yi dominsa bai ce in bari ba."

Kura ta kai cizo, Bushiya ta dunƙule, ƙaya ta cika bakin Kura, ta ruga da ihu. Bushiya ta warware, ƙafarta na jini, ta ci gaba da haƙa. Kwana uku, ruwa ya ɓulɓulo. Ta leƙo duk laka, ta ce, "Alhamdu lillahi. Jama'a, a kawo guga."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.